Suna Nata, Murya Tata, Goyo Nawa

Daga Allah muka zo, kuma can za mu koma, sai dai wani ya riga wani. Dada ta riga ni. Ko a wannan ma ita ce a gaba.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Matar autana ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta: abin da ya fito daga bakina shi za ki sa, kada ki yi masa kwalliya. Dada ba ta son kwalliya a magana, ni kuwa ba na son a manta da ita.

Dada ita ce mahaifiyar mijin 'yata ta fari. Jikoki muna da su tare da dama, amma a kan guda ɗaya muka tsufa muna satar kallon juna, wadda ake kira Ummi.

Ranar da aka kai Dada makwancinta, gidan ɗanta da ke kwatas ɗin ma'aikatan ruwa a Tiga bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin dalbejiyar ƙofar gida. Danginta sun zo daga rugagensu na wajen Doguwa, dogaye, masu ƙaramar murya, suna ta faɗin "Allah hokku munyal", wato Allah ya ba da haƙuri. Matan kasuwar Tudun Wada da ta yi shekaru tana sayar da nono da man shanu a gefensu sun zo a mota ɗaya, suna kuka suna tuna dariyarta. Waɗannan duk na san su. Waɗanda suka ɗaure mini kai su ne baƙin da ba wanda ya sani. Wani dattijo makaho daga Badafi, 'yarsa na riƙe da sandarsa, ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Ban taɓa gaisawa da baiwar Allahn nan ba, amma muryarta na cikin aljihuna. Ita ta karanta mini irin da na shuka bana. Ina jikar tata?"

Ina jikar tata. Haka kowa ke cewa. Aka yi ta kama hannun Ummi ana cewa, "Ya haƙuri? Kin yi rashin kaka." Ni ina zaune kusa da randa, da carbina, da raina, da lafiyata. Wata ma ta miƙo mini kofi ta ce in ɗebo mata ruwa. Na ɗebo.

To bari in koma baya, don wanda bai sani ba ya sani.

Da aka haifi yarinyar nan, ranar suna, ubanta ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa. Ba laifi ya yi ba, haka ake yi. Daga ranar sunanta na yanka ya ɓata a gidan, don ba ɗan da zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsau, sai aka yi mata alkunya da Ummi. Dada kuwa tana kiran ta Takwara. Da lokacin yaye ya yi, wurina aka kawo ta, don ni ce ta wajen uwa. Ni na sha kukanta. Ni na goya ta ina banda kifi, hayaƙi na cin idona tana cizon bayana. Ni na koya mata tafiya a tsakar gidan nan, ni na cika mata kunne da tatsuniya har ta girma. Amma kullum da safe sai an yi sallama, a miƙo ƙwaryar madara mai ɗumi, a ce, "In ji Dada, a ba Takwara." Yarinya ta sha, ta lashe baki, ta nuna ƙofa ta ce, "Dada." Kalmar da ta fara iyawa ke nan. A bayana take lokacin da ta faɗe ta.

Dada mace ce marar yawan magana. Idan aka yi mata tambaya sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can ta ba da amsa da kalma biyu, a rasa ta uku da za a ƙara. Lokacin da Malam mijina ya rasu, ta zo ta zauna da ni cikin takaba, tana tsince mini wake, ba ta ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya, ta dai ƙi tafiya. Na gode mata har zuciya. Amma ko a zaman nan, idan Ummi ta dawo daga makaranta, cinyar Dada take faɗawa, ni a ce mini sannu.

Kwanci tashi, idon Dada ya fara hazo. Aka kai ta asibiti Kano aka dawo, aka ce jijiyar ce ta gaji. Daga hazo sai duhu. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a da duk Tiga aka san ta da ita: duk abin da aka sa mata a hannu, ko magani ne, ko goro, ko zane, ba za ta rufe hannun ba sai ta ce, "Faɗa mini sunansa." Idan kuma aka yanke wani abu a madadinta, aka zo ana cewa ai Dada ta yarda, sai ta karkata kai ta ce, "Wa ya ji na ce?" Jikoki har kwaikwayon ta suke yi a bayan ɗaki.

Makanta ba ta raba ta da gonarta ba. Tana da fili a bakin hanyar ruwan dam, jikin nawa, muna noman rani. 'Yan ƙwadago ke yin aikin, amma ita ke faɗin abin da za a shuka, kuma sai an kai ta ta durƙusa ta murza ƙasar a yatsunta.

Ana nan, sai ƙungiyarmu ta manoman rani ta ce an daina rubuta sunaye a takarda. Mai son iri da taki sai ya cika fom a waya. A cikin fom ɗin akwai wasu 'yan akwatuna ƙanana a jere, kowanne da sunan iri a gefensa, mutum ya taɓa wanda yake so, maki ya fito a ciki. Ni autana ya cika mini, na ce ba ni da lokacin wasa da waya. Ita kuwa Dada tana da waya mai magana da ɗanta ya saya mata, tana jan yatsa a kan gilashin wayar tana faɗa mata abin da ta taɓa. Ta ce da kanta za ta cika. Ta ja yatsa, waya ta ce akwati. Ta ƙara ja, ta ce akwati. Ta ƙara, akwati. Ba suna, ba bayani, ba ta faɗin wanda ke da maki da wanda babu. Wakilin ƙungiya yana sauri, layi ya yi tsawo, ya karɓi wayar ya ce, "Kawo, Dada, in taimaka miki." Ya danna ya tura. Da kaya suka iso, sai ga irin masara. Dada albasa take so.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa hannu a buhun ta damƙo, ta shinshina, ta ce, "Wa ya ji na ce?" A shekarar filinta bai ga albasa ba. Nawa kuwa ya yi albasa kamar kan jariri, kuma ba zan ɓoye ba, na bi ta gefen nata filin a hankali da kwandona.

Lokacin Ummi ta gama karatu tana aiki a Kano, aikinta shi ne gina irin waɗannan shafuka na intanet. Da labari ya kai mata, ta nemi shugabannin ƙungiya su ba ta fom ɗin ta gyara. Sai ta fara zuwa gida kusan kowane ƙarshen mako da kwamfutarta a jaka. Na yi murna, na ce Allah ya dawo mini da 'yata. Ashe ba wurina aka dawo ba. Za ta leƙo ta ce, "Iya, ina kwana, bari in je in dawo." In tuƙa tuwon dawa, in kaɗa miyar kuka da bandar tarwaɗa irin wadda take so, tuwo ya huce, ya yi ɓawo, kaji su zagaye shi.

Wata ranar Asabar na gaji, na yafa mayafi na bi ta. Na tarar da su a inuwar rumfa, kai da kai kamar masu ƙulla wani abu. Ummi na cewa, "Yanzu fa, Dada?" Dada ta ja yatsa, waya ta faɗi sunan iri. Dada ta ce, "Ya faɗi sunansa. Bai faɗi ko na ɗauka ba."

"Ai ya koma kore."

"Takwara, koren da ja duk dare ne a wurina."

Ummi ta dafe goshi tana dariya, ta koma kwamfuta. Can kuma Dada ta ce, "Wannan na ƙasa fa, da ke cewa na amince, ya na ji shi da maki a cikinsa tun ban taɓa ba?" Ummi ta ce haka ta same shi, don a rage wa mutane wahala. Dada ta ce, "Cire. A bar wa mutum wahalarsa." Ta kuma sa aka gyara yadda kafin a fara jero akwatuna, sai an fara faɗin tambayar da ake yi wa mutum, don a cewarta ba a miƙa wa baƙo kwanuka ba a gaya masa ko abinci ne ko magani ba.

Ina tsaye duk wannan, ba wanda ya lura. Sai Dada ta ɗaga kai ta ce, "Iyar Takwara, tsayuwar ta isa, ga tabarma." Da ƙamshin hayaƙin kifi take gane ni.

Na zauna, muka gaisa kamar yadda surukai ke gaisawa, da tambayar gida da gajiya da ruwa. Sannan na ce, "Na zo ne in ji ko yarinyar nan an mayar da ita nan gidan ne gaba ɗaya, in san adadin tuwon da zan riƙa tuƙawa."

Ummi ta ce, "Kai, Iya!"

Na ce, "Ba da ke nake ba. Dada, ke suna kika ba ta. Ni baya na ba ta."

Dada ta karkata kai. Can ta ce, "Bayan ya yi goyo mai kyau. Sunan kuwa, ranar da aka ba ta ba wanda ya tambaye ni. Ɗana ne ya danna ya tura."

Ummi ta faɗi a kan tabarma don dariya. Ni ma ta so ƙwace mini, na danne ta da goro.

Sai maganar murya ta zo. Muryar da ke cikin wayar tana faɗin Hausa kamar mai tauna tsakuwa, tsofaffi ba sa ganewa, ga kuma irinmu da ke gani amma ba ma karatu. Ummi ta ce za ta ɗauki muryar mutum, a sa a jikin kowane akwati, duk wanda ya taɓa ya ji. Na gyara zama. A unguwarmu wa bai san muryata ba? Yaran da suka taso a kan tatsuniyata yau wasunsu da furfura. Ummi ta kara mini waya a baki ta ce, "Iya, ce albasa."

Na ce, "Albasa dai, 'yar nan, iri biyu ce, akwai ja mai yaji wadda ake kai wa kudu, akwai fara, ita kuwa farar idan ba a dasa ta kafin sanyi ya kama ba..."

"Iya, albasa kawai."

"To ai ita nake faɗa."

Muka yi ta yi. Tumatir ma na ba da tarihinsa. Ummi ta share hawayen dariya ta juya ta ce, "Dada, gwada." Dada ta ce, "Albasa." Ta ce, "An zaɓa." Ta ce, "An cire." Kowace kalma ta fito ita kaɗai, a wanke, kamar ƙwarya a rana. Shi ke nan, aka ɗauki tata. Na koma gida ban ci tuwon dare ba, na ce ciwon kai nake yi.

Abin da zan faɗa yanzu, matar autana ma da ke rubutu ba ta san farkonsa ba. Hannuna na dama ya daɗe yana rawa. Na iya ɓoye shi, ina naɗe shi a cikin mayafi, ina riƙe kofi da hannu biyu. 'Ya'yan da na haifa, masu ido biyu-biyu, ba wanda ya lura. Shi ya sa tun farko na ce ba ni da lokacin wasa da waya. Na taɓa gwadawa ni kaɗai, na nufi wannan akwatin yatsana ya sauka a kan na ƙasansa, don ƙanƙantarsu ba ta wuce ƙwayar dawa ba.

Ranar da aka gama sa murya, aka dama fura a gidan Dada ana murna. Ina sha, ludayi na ɗan buga bakin kwano, kaf-kaf-kaf. Ummi ta ce, "Alhamdu lillahi, Dada, aiki ya kammala." Dada ta ce, "Nawa ya kammala." Ta juya fuskarta wani wajen, ba wajena ba, ta ce, "Akwai masu ido lafiya lau, hannu ne ke yi musu gardama. Akwatin nan idan ƙarami ne, kin bar su a waje."

Na ajiye ludayin. Ba ta kira sunana ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi ba, don abin da na ɓoye wa masu gani, makauniya ce ta ji shi da kunne. Na daina zuwa gidan har aka cire albasa.

Ciwonta na ƙarshe bai ja ba. Aka aiko cewa tana nemana, na je. Ta rame, ta zama kamar kara. Ta ce, "Miƙo hannunki." Na miƙa na hagu. Ta shafa ta ce, "Ba wannan ba." Na miƙa ɗayan. Ta riƙe shi yana rawa a cikin nata, ta daɗe, sannan ta ce, "Takwara ba ta gama aikinta ba. Idona ya yi mata nasa. Saura wannan." Na ce, "Ke dai ki samu lafiya." Ta ce, "Kada ki ba ta na hagu."

Bayan an share makoki, dangi suka watse, Ummi ta koma Kano. Ni na san abin da ke kawo ta Tiga a kai a kai, kuma an binne shi. Na ce a raina, daga yau sai dai Sallah zuwa Sallah, a leƙo a ce Iya ina kwana. Na daina sayen tarwaɗa ranar Juma'a.

Sai ga ta wata Asabar da hantsi, da jakarta, ba ta biya ko'ina ba, ta shigo ta zauna a kan turmina. Ta ce sabuwar rajista ta kusa, ta faɗaɗa akwatunan, ta sa hoton kowane iri, kuma yanzu ko hoton aka taɓa, ko rubutun, duk ɗaya ne da taɓa akwatin. Ta ce, "Amma ban san ko faɗin ya isa ba. Ba ni da wanda zan gwada da shi." Tana magana tana kallon ƙasa. Na gane Dada ba ta gaya mata ba, ita ce ta haɗa da kanta, tana kuma jin nauyin ta tambaye ni.

Hannuna na cikin mayafi. Idan na ce mata ba ni da lokacin wasa da waya, za ta ce to, ta ɗauki jakarta, ba kuma abin da zai sake kawo ta. Na daɗe ina kallon kajin da ke tsakar gida. Sannan na zaro shi, na dama, na ɗora a cinyarta yana ta kaɗawa kamar ganyen rama. Ta kalle shi, ba ta ce komai ba. A nan ta yi kama da mai sunanta.

Na ga hoton albasa, na nufe shi, yatsana ya sauka a kan tumatir. Ummi ta buɗe kwamfuta ta ƙara tazara a tsakaninsu. Na sake, na same shi, amma yatsan ya buga sau biyu, ya zaɓa ya cire. Ta ce, "Bari in koya masa haƙuri." Ta yi 'yan danne-dannenta ta miƙo. Tuwo ya huce a ranar ma, amma mu biyu muka bar shi ya huce.

Da la'asar na taɓa, sau ɗaya, maki ya fito ya zauna. Sai wayar ta ce, da muryar nan da na sani tun ina da sauran baƙin gashi, "Albasa. An zaɓa."

Na sake taɓawa. "Albasa. An cire."

Na sake. "An zaɓa."

Ummi ta ce, "Iya, ai ya yi."

Na ce, "Ke ina ruwanki, gwadawa nake yi." Ta kifa kanta a bayana, daidai inda ta saba, na ji mayafina yana jiƙewa. Ta ce mako mai zuwa akwai fom ɗin masu kamun kifi, shi ma sai an gwada. Na ce ta taho da wuri, tarwaɗa ba ta jiran 'yan birni.

Yanzu daga Tiga har Doguwa, duk wanda zai zaɓi iri sai ya ji Dada. Suna nata, murya tata, masu addu'a nata. Faɗin akwatin kuwa da yatsana aka auna shi, ba kuma wanda zai zo daga Badafi ya nemi jikata saboda wannan. Rubuta haka, kada ki cire. Na so a ce ni ce ta fari a wurin yarinyar nan, ban samu ba, kuma wadda ta riga ni ta cancanta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Allah ya jiƙan Dada, ya yafe mata, ya mayar mata da ganinta a inda ta je, ya sa duk abin da za a miƙa mata a can a faɗa mata sunansa. Idan tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, a ba ni wuri kusa da ita. A gefenta dai, ba a bayanta ba.